Motar da Aka Gicciye Tsakanin Hilda da Surukinta

Hilda Nungarrayi ba ta san shekarar da aka haife ta ba, amma ta san wurin: gindin wani jan dutse, taku arba'in daga idon ruwan Pirlinya. Katin asibitinta ya ce ɗaya ga Yuli, 1947. Rabin tsofaffin Yunturru ma ɗaya ga Yuli aka rubuta musu, saboda ranar ce jami'in gwamnati ya zo da littafinsa.

Tana kamar 'yar shekara tara aka kai ta aiki gidan Baturen da ya kewaye ƙasar kakanninta da waya ya zuba shanu. Ta yi wanki, ta yi shara, ta goge cokulan matar gidan. Ladanta garin alkama, ganyen shayi, sukari da riga biyu a shekara. A can ta koyi Turancin da ita da kanta take kira na kicin: kawo, ɗauke, yi sauri. Da mutanenta suka ajiye aiki suka bar gandun shanun a farkon shekarun saba'in, da ƙafa ta fito, 'yarta Rowena a kafaɗa, tafiyar kwana huɗu zuwa inda garin Yunturru yake yanzu.

Shekara ashirin da biyu ta yi tana dafa wa 'yan makaranta abinci kafin ta ajiye. Gajeriya ce, ba ta rabuwa da rigar sanyi ko da rana ta take, kuma karnuka shida ke bin ta duk inda ta sa ƙafa. Da yamma a kan same ta ƙarƙashin bishiyar da ke gefen kanti tana karta da tsofaffi. Kowa ya san tana leƙen katin na kusa da ita, ba wanda ya taɓa kama ta. Na san ta shekara ashirin da shida, tun ina ɗauko wa rediyon yankin labarai da rakoda mai kaset.

Rowena tana auren Clifford Japangardi, tafintan da ya fi kowa iya aikin kotu a yankin. A lokacin da abin da zan ba da labari ya faru, auren ya shekara ashirin da tara, kuma Hilda da Clifford ba su taɓa yi wa juna magana ba. A nan mace ba ta magana da mijin 'yarta. Ba ta kallon fuskarsa, ba ta kiran sunansa, ba sa zama ɗaki ɗaya. Ba gaba ba ce, girmamawa ce, kuma doka ce tun kafin waya da shanu. In Clifford ya shiga kanti ya jiyo muryarta, sai ya fita ya tsaya jikin famfon mai har ta gama. In ya harbo kangaru, naman dajin nan mai tsalle, wutsiyar tata ce, ta hannun Rowena. Amsa ma ta hannun Rowena take komawa: "Ki ce wa mutumin gidanki ya daina harbo mini tsofaffi, haƙorana sun ƙare."

Shari'ar Pirlinya ta shekara goma sha huɗu a kotu. Mutanen Hilda sun ce idon ruwan da ƙasar da ke kewaye da shi nasu ne bisa dokarsu, kuma ba su taɓa sakinsu ba. Gwamnati ta ce igiyar da ta haɗa su da ƙasar ta tsinke tun ranar da suka bar gandun shanu, ba su ƙara komawa ba, dokar tasu ta zama labari. A gefe kuma akwai wani kamfanin haƙar ma'adinai da yake jiran ya zuƙi ruwan da ke ƙarƙashin wurin. In kotu ta yarda igiya ta tsinke, kamfanin ba ya bukatar iznin kowa a Yunturru.

Sun riga sun sha kashi sau ɗaya. Yayan Hilda, wanda ba ma kiran sunansa tun da ya rasu, ya ba da shaida a birni, da Turanci, ba tafinta. Lauyan gwamnati ya tsare shi da ido yana jero tambayoyi. Kun bar wurin tuntuni, ko ba haka ba? Yara ba su san shi ba, ko ba haka ba? Tsohon ya yi ta cewa e. Mutum ne mai tarbiyya, ba zai ƙaryata baƙo ido da ido a gaban jama'a ba. Aka rubuta kowace e a takarda. Ya dawo gida bai san ya yi ɓarna ba, sai da aka karanta masa.

Daga cikin dattawa tara da sunansu ke kan takardar ƙara, huɗu suka rage, kuma Hilda kaɗai aka haifa a Pirlinya. Bayan ɗagewa biyu, alƙali ya yarda ya zo wurin da kansa, kwana biyu a watan Agusta, ya saurare ta.

Ana gobe za a zauna, muna sansani kusa da jan dutsen. Hilda tana zaune a ƙasa tana kwaɓa garin gurasar toka, Dulcie Napaljarri a gefenta tana gyara garwashi. Lauyar mutanenmu, Anita Farrugia, ta taho da sauri da waya a hannu. Wata takwas ke nan da karɓar shari'ar, mai ƙwazo ce, ba ta barin takarda ta kwana. Matar da aka ɗauka tafinta an yi mata rasuwa, ba za ta iya tasowa ba, ofishin su Anita na birni ya duba jerin sunaye ya nemo wani.

Anita ta ce, "Inna Hilda, an dace. An samu wanda ya fi kowa. Clifford ne, yana hanya."

Hilda ba ta ɗago ba. Dulcie ta yi dariya har tari ya sarƙe ta.

Ta ce, "Lauya, kin gama makarantar kuwa, ko koro ki aka yi?"

Anita ta tsaya. Ta san dokar, ta karanta ta, ta ma rubuta ta cikin takardun ƙara. Gudu ne ya sa ba ta haɗa sunan da mutumin ba. Fuskarta ta yi ja. Ta koma gefe ta yi ta buga waya kusan awa guda, ta dawo da abin da kowa ya sani: ba wani tafinta mai takardar kotu da zai iso kafin jibi, kuma jibi da la'asar jirgin alƙali zai tashi. In Hilda ba ta yi magana ba, sai baɗi, in an yi sa'a.

Desmond, ɗan yayan Hilda, shi ne shugaban masu ƙara. Ya zo ya tsuguna nesa kaɗan.

Ya ce, "Goggo, yini ɗaya ne fa. Duk za mu kau da kai. Ba wanda zai ce ya gani."

Hilda ta ci gaba da murza gari. "Gobe me zan faɗa wa Baturen nan?"

"Cewa dokarmu tana nan da ranta."

"To sai in taka ta a gabansa don ya ga tana da rai? Kai ne ka yi boko, warware mini."

Desmond ya sosa ƙeya. Anita ta ce, ko za ta gwada da Turanci, a hankali, ita za ta tare duk tambayar da ta karkace.

Hilda ta ce, "Na kicin? Na ga abin da Turanci ya yi wa yayana. Da bakina zan yi."

Da Rowena tana nan, da ba a yi dogon zance ba, ita ce gadar tun fil azal. Amma Rowena tana asibitin Alice Springs, ana mata wankin ƙoda sau uku a mako, ba ta isa ta yi nisa da injin ba.

Hilda ta binne gurasar cikin toka, ta kakkaɓe hannu, ta nuna tsohuwar motar Desmond da leɓe.

"Wannan akwalar tana tashi?"

"Ita ta kawo ki, Goggo."

"Ta kawo ni da ciwon baya. Gobe ka gicciye ta a gaban rumfa. Ni ta gabas, mutumin can ta yamma. Goggona ta zauna a goshin motar. In faɗa mata, ta faɗa masa, ya faɗa wa Bature."

Dulcie ta girmi kowa a baki, amma Hilda ta girme ta da kamar shekara uku. Duk da haka, a lissafin dangi Dulcie goggon Hilda ce, kuma kakar Clifford ce. Tana iya magana da su duka biyun, shi kuwa har zaginsa tana iya yi, wasan jika da kaka.

Dulcie ta ce, "Ni? A gaban alƙali? Ba ni da rigar kirki."

"Bakinki nake so, ba rigarki ba."

"Bakin nawa haya ne, 'yar nan. Wutsiyar da za a kawo miki ta gaba, tawa ce."

"Ki ɗauka. Tsoho zai harbo."

Clifford ya iso kafin rana ta faɗi, ya ajiye motarsa can bayan dutse. Desmond ya je ya gaya masa. Ya saurara, ya ce to. Dogo ne, shekararsa hamsin da 'yan kai, ba mai yawan magana ba in ba aiki yake ba.

Da safe aka kafa rumfar tamfol, aka jera tebur mai naɗewa da kujerun roba. Alƙali ya zo da malafa da riga mai gajeren hannu, dattijo ne mai jin maganar mutane har ƙarshe. Desmond ya gicciye motar. Aka shimfiɗa wa Hilda bargo ta gabas, karnukanta suka kwanta kewaye da ita. Clifford ya tsaya ta yamma da littafinsa. Dulcie ta hau kujera a goshin motar da rigar da ta aro, kamar wadda za a naɗa.

Lauyan gwamnati ya miƙe tun kafin a fara. Dogo ne, rana ta riga ta ƙona masa wuya. Ya ce maganar da za ta bi ta baki uku kafin ta iso kunnen kotu ba shaida ba ce, jita-jita ce. Ya ce ba shi da hanyar sanin abin da mai shaida ta faɗa da abin da ta tsakiya ta ƙara.

Alƙali ya tambayi Anita dalilin motar. Ta bayyana. Ya tambaya tun yaushe mutanen biyu ba sa magana. Ta ce shekara ashirin da tara. Ya rubuta wani abu, ya daɗe yana rubutawa. Sannan ya yanke: a maƙala wa Hilda makirfo a rigar sanyinta, a naɗi duk abin da ya fito bakinta, duk mai shakka ya kai wa tafintan da ya ga dama ya saurara daga baya. Dulcie ma a rantsar da ita.

Hilda ta fara da abin da ake farawa da shi. Ta juya wajen ruwan ta ɗaga murya ta gaya wa ƙasar cewa ita ce, ta zo da baƙi, ba da sharri suka zo ba. Dulcie ta maimaita wa Clifford, ta ƙara da cewa, "Har da wancan mai jan wuyan, a ƙyale shi, bai san komai ba ne."

Hilda ta ce, "Goggo! Ban faɗa ba."

"Kin yi niyya."

Clifford ya fassara duka, har da gardamar, da fuskarsa a ɗaure. Mutane suka fashe da dariya, lauyan gwamnati ma ya yi murmushi. Alƙali ya gargaɗi Dulcie cewa ta rantse. Ta ce ta ji, Ranka ya daɗe, ba za ta ƙara ba. Ta ƙara sau biyu kafin azahar, Hilda tana kama ta.

Awa huɗu Hilda ta yi tana amsa tambayoyin Anita. Ta kira sunan kowane dutse da kowane kwari daga Pirlinya zuwa iyakar yamma. Ta faɗi wanda aka binne a ina, da wace bishiya ce ba a sara, da wa yake da ikon ƙona ciyawa da wa yake tsaye a kansa yana duba shi. Da aka zo kan waƙoƙin mata, ta ce akwai su, ta san su, ba za ta rera a gaban maza ba, in alƙali yana so ya aiko mace. Maganar tana tafiya a hankali, daga bargo zuwa kujera, daga kujera zuwa bayan mota, daga can zuwa tebur. Ba wanda ya tashi.

Bayan an sha shayi lauyan gwamnati ya karɓa. Bai yi gardama da sunayen duwatsu ba. Ya ce duk wannan ilimin yarinta ne, abin da take tunawa. Ya ɗaga wata takarda: ƙofar gandun shanu a kulle take da kwaɗo fiye da shekara ashirin, kuma ba a taɓa ba wa wani daga Yunturru iznin shiga ba.

Ya ce, "Kilomita casa'in ne daga gidanki zuwa nan. Ba ki da mota, ba kya tuƙi. Kin ce kina zuwa. Wa yake kawo ki?"

Tambayar ta bi hanyarta ta isa bargo. Hilda ta yi shiru.

"Sunansa kawai nake so."

Hilda ta sunkuyar da kai tana shafa kunnen kare. Duk wanda ke zaune ta gefenmu ya san dalili. Lauyan bai sani ba. Ya juya wajen tebur ya ce a rubuta cewa mai shaida ta kasa ambatar mutum ko ɗaya.

Sai Hilda ta ɗago ta fara magana. Ba ta kira suna ba. Ta yi kusan minti biyar, murya ƙasa-ƙasa, tana kallon tayar mota. Dulcie ta kwashe duka ta miƙa, wannan karon ba ƙari, ba wasa.

Sannan Clifford ya ce da Turanci, "Ta ce wani ɗan uwa ne yakan kawo ta, jefi-jefi."

Lauyan gwamnati ya ce ya gode, ya fara juya takarda. Wani ɗan uwa marar suna, jefi-jefi: abin da yake so ke nan. Anita ba ta jin harshenmu sosai, ta dai ga maganar ta yi gajarta, amma ba ta san abin da ya ɓace ba. Desmond ya sunkuyar da kai. Da an wuce a haka.

Dulcie ta yi aikin kicin ita ma, Turancinta ya isa ta ƙirga. Ta miƙe tsaye a kan ƙafafunta.

"Kai, ɗan nema! Na ba ka kangaru sukutum, ka miƙa musu kunne? Ina sauran?"

"Kaka, ki zauna."

"Ba zan zauna ba. Uwarka ce ta rantsar da ni ko alƙali? Ɗan banza mai dogon wuya, cinye maganar mutane kake a kotu?"

Alƙali ya ɗaga hannu ya tambayi tafinta me ke faruwa. Clifford ya cire hularsa.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, na taƙaita. Maganar a kaina ce."

A wajenmu namiji ba ya tsayawa gaban taro ya yabi kansa. Balle ya ɗauki yabon surukarsa ya faɗa da bakinsa. Shekara ashirin yana tafinta ba a taɓa kama shi da rage kalma ba, sai ranar. Ba ha'inci ya yi niyya ba. Kunya ce ta riƙe masa harshe, kuma saura kaɗan ta yi mana irin ɓarnar da ladabi ya yi wa tsohon da ya rasu.

Alƙali ya tuna masa ya rantse zai fassara duka. Clifford ya tsaya yana juya hula a hannu. Sai Hilda ta yi magana, tana kallon Dulcie.

"Goggo, ki gaya wa bayan motar nan. Doka ta hana shi magana da ni. Ba ta hana shi faɗa wa Bature gaskiya ba. Ni na riƙe nawa. Shi ma ya yi aikinsa."

Dulcie ta isar, ta ɗora da, "Ka ji ko? Buɗe baki."

Alƙali ya ce a sake daga farko, jimla-jimla. Hilda ta faɗa, Dulcie ta miƙa, Clifford ya juya da Turanci yana kallon ƙasa. Ga abin da ta ce.

"Uban jikokina ne yake kawo ni. Ba zan kira sunansa ba, yana tsaye bayan motar nan. Duk shekara in ruwan sama ya ɗauke, sai ya rataya bargo a bayan kujerar direba, ni da 'yata mu zauna baya. Ba ma bin ƙofa. Muna bi ta cikin busasshen rafi ta kudu, inda ambaliya take kwantar da waya. Sau ashirin da uku ya kawo ni. In mun iso, ina faɗa wa 'yata, tana faɗa masa, yana kwashe yashin da ya toshe ido. Sau ɗaya masu gandu suka kama mu. Ya ce shi kaɗai ne mai laifi, tsohuwa ba ta san inda aka kawo ta ba. Ƙarya ya yi, ni na nuna hanya. Ya kwana biyu a hannun 'yan sanda, bai taɓa gaya wa kowa dalili ba. Da 'yata ta kwanta ciwo na ɗauka an gama. Ruwa na ɗaukewa sai na ji mota a ƙofar gida, bargo a rataye, Goggo a ciki tana mita."

Dulcie ta ce, "Wannan gaskiya ne, na yi mita," sannan ta tuna ta rufe baki.

Hilda ta ƙara abu ɗaya. "Ban san fuskarsa sosai ba. Tuƙinsa na sani. In ina cikin mota, ba ya faɗawa rami."

Clifford ya fassara wannan ma. Sannan ya roƙi ruwa.

Lauyan gwamnati ya miƙe ya ce yanzu ta bayyana tafinta yana da hannu a cikin maganar, bai dace ya ci gaba ba. Alƙali ya ce muryar mai shaida tana cikin na'ura, kowa na iya dubawa, kuma abin da ya gani shi ne tafinta ya rage abin da zai amfani ɓangarensa, bai ƙara ba. Ya ce gobe da safe Clifford zai ajiye littafi ya zauna kujerar shaida da kansa, lauya ya tambaye shi abin da ya so.

Haka aka yi. Washegari Hilda ta kwashi karnukanta ta koma bayan dutse don ya samu sakewa. Lauyan ya yi awa biyu yana juya shi, bai samu inda labarin ya saɓa ba. Daga baya Anita ta tono takardar kamun a ofishin 'yan sanda: suna, rana, da laifin shiga gandun wani ba izni, kusa da wani idon ruwa, tare da mata biyu. Takardar da aka rubuta don hukunta shi ita ta zama shaidar da ba a iya musantawa ba. Gwamnati ta kai muryar Hilda wa wani tafinta a birni. Ya saurara, ya ce fassarar daidai take, in ban da wurare uku da Dulcie ta sa gishiri, kuma duk ukun an riga an kama ta.

Hukunci ya fito bayan wata goma sha shida. Kotu ta ce igiya ba ta tsinke ba. Ta amince Pirlinya da ƙasar da ke yammacinsa na mutanen Hilda ne bisa dokarsu: su shiga, su sauka, su yi farauta, su kula da wuraren kakanninsu, kuma duk mai son taɓa ƙasar sai ya zauna da su tukuna. Ba duka aka samu ba. Shanu suna nan. Yankin gabas ya fita daga iyakar, kuma a can kamfanin ya riga ya haƙa rijiyar burtsatse yana jan ruwa.

Hilda ba ta je birni jin hukuncin ba. Tana karta ƙarƙashin bishiya Desmond ya zo da gudu yana ihu. Ta bari ya gama, ta ajiye katinta a kife.

"Ƙofar fa?"

"Za su ba mu makulli, Goggo."

"Yaushe?"

Mako uku aka yi kafin makullin ya zo. Mota biyar muka tafi, ta ƙofa, da rana tsaka. Anita ta biyo mu. Tun daga nesa muka ji wari. Wani raƙumin daji ya faɗa cikin idon ruwan ya mutu, ya kai kwana goma. Ba wanda ya yi jawabi. Aka ɗauro sarƙa, maza suka ɗaure hanci da riga suka shiga, mota tana ja. Hilda ta zauna kan dutse tana ba da umarni ta bakin Dulcie, Dulcie tana ƙara nata. Sai bayan la'asar aka fitar da shi, aka ja shi nesa, aka fara kwashe ruɓaɓɓen ruwan da bokiti. Kafin mu tashi, sabon ruwa ya fara tsattsafowa daga ƙasa.

Hilda ta leƙa ta daɗe. Ta nuna wa Anita wani layi a jikin dutsen, kamu biyu sama da inda ruwan yakan tsaya yanzu. Ta ce nan yake kaiwa kafin a haƙa rijiyar gabas.

"Lauya, wancan famfon nasu. In an kai ƙara, shekara nawa zai ci?"

Anita ta yi lissafi a ranta. "Wataƙila biyar, Inna. Wataƙila fiye. Kuma ban ce za mu ci ba."

"Yau wace rana?"

"Asabar."

Hilda ta miƙa mata hannu ta tashe ta daga kan dutsen.

"To ki huta gobe. Litinin ki shigar."